Daidaita Ƙaramin Harshe da Tsarkake Shi: Abin da Tarihin Baskanci Ya Nuna

Duk al'ummar da ta farga harshenta na neman kuɓuce mata takan kama ayyuka biyu a lokaci guda. Takan nemi a tsayar da ƙa'ida ɗaya ta rubutu da nahawu, wadda za a koyar da yara a makaranta, a buga littafi da jarida da ita. Takan kuma tashi haiƙan wajen kakkaɓe kalmomin da suka shigo daga harshen da ya danne ta, ta maye gurbinsu da waɗanda take ganin na gida ne. Da yake galibi mutane ɗaya ne ke ɗaukar ayyukan biyu, a kwamiti ɗaya, da zafin kishi iri ɗaya, sai a riƙa ganin Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Matsayin wannan maƙala shi ne ba ɗaya suke ba, sau da yawa ma hannun riga suke yi. Ƙaramin harshe ba zai shiga makaranta da ofis ba sai an daidaita shi. Tsarkakewa kuwa, a harshen da kusan duk masu shi ke jin wani babban harshe, takan kori ainihin mutanen da ake fafutukar riƙewa. Baskawa sun gwada hanyoyin biyu ɗaya bayan ɗaya cikin ƙasa da shekara ɗari, don haka da tarihinsu za a auna maganar.

Einar Haugen, wanda ya yi nazarin rikicin daidaita harshe a ƙasar Norway, ya kasa aikin gida huɗu a 1966: a zaɓi karin da za a yi gini a kansa, a tsara ƙa'idojinsa, a faɗaɗa shi ya iya ɗaukar ilimi da shari'a da mulki, sannan jama'a su karɓa. Babu ko ɗaya cikin huɗun da ya wajabta a bi salsalar kalma kafin a bar ta ta zauna. Mai daidaitawa yana tambaya ne wace siga mafi yawan masu harshen za su gane, su kuma yarda su rubuta. Mai tsarkakewa yana tambaya daga ina kalmar ta fito. Wani lokaci amsoshin kan dace. Idan suka saɓa dole a bi ɗaya a bar ɗaya, kuma mataki na huɗun nan, wato karɓuwa, shi ke yanke hukunci a ƙarshe ko kwamiti ya so ko ya ƙi.

Baskanci, wanda masu shi ke kira Euskara, ana magana da shi a gefe biyu na yammacin duwatsun Pyrenees, mafi yawa a arewacin Sifaniya, kaɗan a kudu maso yammacin Faransa. Masana ba su samo masa dangi ba cikin harsunan da ke raye, kuma yana nan tun kafin Latin ya iso yankin. An buga littafin farko da shi a 1545, waƙoƙin wani limamin coci mai suna Bernard Etxepare, sai fassarar Sabon Alkawari ta Joanes Leizarraga a 1571, sai littafin Axular mai suna Gero a 1643. Duk da haka ba da shi ake rubuta takardun mulki da na kotu ba, kuma kare-karensa sun yi nisa da juna har mutumin Bizkaia a yamma da mutumin Zuberoa a gabas kan sha wuya kafin su fahimci juna. Ɗan ƙaramin aikatau mai ma'anar "ina da shi", wanda ba a yin hirar minti ɗaya bai fito ba, dot ne a Bizkaia, det a Gipuzkoa, dut a Lapurdi da Nafarroa, düt a Zuberoa. Bayan wannan rarrabuwa, zaman shekara dubu biyu kusa da Latin da harsunan da suka fito daga cikinsa ya bar masa aro mai yawa: errege sarki, lege doka, bake zaman lafiya, liburu littafi, eliza coci, aingeru mala'ika. Kalmomin sun daɗe har sun ɗauki lafazin gida, manomi da masunci ba su san wasu ba bayansu.

Mutumin da ya fi kowa ɗaukar wannan aro a matsayin ƙazanta shi ne Sabino Arana, wanda aka haifa a Bilbao a 1865, ya kafa jam'iyyar kishin ƙasar Bask a 1895, ya rasu a 1903 yana ɗan shekara 38. Ba cikin Baskanci ya tashi ba. Sifaniyanci ake yi a gidansu, sai da ya tasa ya koyi harshen, yawanci daga littattafai. Wannan ba abin zargi ba ne, amma yana bayyana abubuwa da dama, domin wanda ya koyi harshe a takarda yakan ga asalin kalma ɓaro-ɓaro, wanda ya sha shi a nono kuwa ma'anarta kawai yake ji. Arana da almajiransa suka ƙudura cewa duk kalmar da ke ƙamshin Sifaniyanci ko Latin sai ta fita. Eliza ta koma txadon, haɗin "gida" da "mai tsarki". Aingeru ta koma gotzon. Paper, takarda, ta koma ingi, wayar tarho kuma urrutizkin. Sunayen yanka ma ba su tsira ba: Pedro ya zama Kepa, Luis ya zama Koldobika. Ana kiran masu wannan ra'ayi garbizale, masoya tsabta, su kuma suna kiran Baskancin da ya cuɗanya da aro mordoilo, da sigar raini. Abin da ya biyo baya a shekarun farko na ƙarni na 20 shi ne rubuce-rubucen da ɗan ƙauyen da bai jin kowane harshe sosai sai Baskanci ba ya iya karantawa sai an yi masa fassara. Mutumin da harshen ke raye a bakinsa shi ya zama baƙo a littafin da aka rubuta don ceton harshen.

A nan ya kamata a tsaya, domin illar tsarkakewa ba iri ɗaya ba ce a babban harshe da ƙarami. Idan hukumar harshen Faransanci ta tsawata wa Bafaranshe kan kalmar Ingilishi da ya ara, iyaka ya yi dariya ko ya gyara. Ba zai daina Faransanci ba, don ba shi da inda zai koma. Mai magana da ƙaramin harshe yana da inda zai koma, kuma ƙofar a buɗe take dare da rana. Babaske na wancan zamani yana jin Sifaniyanci, ko aƙalla 'ya'yansa suna ji, shi ne harshen albashi da kotu da aikin soja. A makarantun yankin an daɗe ana horon yara da wani zobe, a ba duk wanda aka kama yana Baskanci, shi kuma ya yi ta fakon ɗan'uwansa don ya miƙa masa, wanda zoben ya kwana a hannunsa a ƙarshen mako ya sha bulala. Mutumin da ya fito daga wannan makaranta, aka riga aka koya masa cewa harshensa na ƙauyanci ne, sai ga ɗan kishin ƙasa ya tare shi da cewa wanda yake yi ɗin ma gurɓatacce ne. Gaba kura, baya siyaki. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ya bar harshen, musamman da 'ya'yansa, ya koma wanda ba a kushe shi a ciki. Nancy Dorian ta kawo wannan hujja a wata maƙala a 1994 bisa misalan harsuna da dama, kafin ita kuma Jane Hill da Kenneth Hill sun nuna a 1986 yadda zafin tsarkakewa a garuruwan masu harshen Nahuatl na Mekziko ke sa mutane jin kunyar magana da shi gaban wanda zai kama musu kuskure.

Hukumar harshen Baskanci, Euskaltzaindia, an aza harsashinta a taron Oñati na 1918, ta fara aiki a 1919 ƙarƙashin Resurrección María de Azkue, amma ta yi shekara hamsin ba ta iya tsayar da daidaitaccen harshe ba. Yaƙin basasar Sifaniya da mulkin Franco daga 1939 suna cikin dalilan. Rigimar tsarkakewa ma tana ciki, don ba a daidaita abin da ba a yarda mene ne shi ba. Sai a 1959 hukumar ta fitar da matsayin da ya share fage, cewa kalmar Baskanci ita ce wadda ta kafu a bakin Baskawa da rubutunsu, ko daga ina ta fito. Bayan shekara tara, a watan Oktoba na 1968, aka yi taron Arantzazu, inda Koldo Mitxelena ya gabatar da tsarin da ya zama Euskara Batua, haɗaɗɗen Baskanci. Ba wanda zai tuhumi Mitxelena da ƙarancin kishi: ya yi yaƙi a ɓangaren 'yan kishin ƙasa, an yanke masa hukuncin kisa, ya yi shekaru a kurkuku, sunan nasa ma, Koldo, guntun Koldobika ne na Arana. Sai dai shi masanin tarihin harshe ne, marubucin babban littafin tarihin sautukan Baskanci na 1961, kuma ya san abin da tsofaffin marubuta suka rubuta a zahiri. Ya gina tsarinsa kan kare-karen tsakiya, inda masu magana suka fi yawa kuma adabin ya fi kauri, ya bar eliza da aingeru da lege a inda suke. Buƙatar da ke gabansa a fili take. Makarantun ikastola, waɗanda iyaye suka riƙa buɗewa a ɓoye ko a rabin ɓoye, suna ta ƙaruwa, malamansu na neman littafin lissafi da na kimiyya, kuma ba za a iya buga kowane littafi sau biyar ba.

Ba a rabu lafiya ba. Rigimar da ta fi zafi a kan harafi ɗaya aka yi ta, wato h. Baskawan Faransa suna furta shi, tsofaffin marubutansu sun rubuta shi, na Sifaniya kuwa sun daina furta shi tun da daɗewa. Mitxelena da matasan marubuta irin su Txillardegi da Gabriel Aresti suka ce a rubuta shi, don ya haɗa gefe biyun iyaka, ya kuma raba kalmomi irin su hura, "wancan", da ura, "ruwan". Dattawa masu ra'ayin riƙau suka ɗauki harafin a matsayin tutar 'yan gurguzu da marasa addini, shugaban hukumar Manuel Lekuona ya bar kujerarsa a 1970, wasu suka ɓalle suka ci gaba da rubutu ba h. Amma a dubi irin sadaukarwar da tsarin ya nema. Mutumin Gipuzkoa, wanda karinsa ne ginshiƙi, ya bar det ya rubuta dut, ya kuma rubuta harafin da ba ya furtawa. Na Bizkaia ya bar dot, kuma shi ya fi kowa asara. Kowa ya saki wani abu ya karɓi na ɗan'uwansa, kuma abin da ya karɓa ɗin siga ce da wani Babaske mai rai ke faɗi a gidansa. Tsarin Arana ya nemi kowa ya saki nasa ya karɓi abin da ba a taɓa jin sa a bakin kowa ba. An daidaita sigogin aikatau a shekarun 1970, taron Bergara na 1978 kuma ya tabbatar da cewa mafi yawan marubuta sun riga sun bi.

Da mulkin Franco ya ƙare a 1975 kayan aiki na nan a shirye. Dokar cin gashin kai ta 1979 ta mai da Baskanci harshen hukuma tare da Sifaniyanci a yankin Bask mai cin gashin kai na Sifaniya, dokar amfani da harshen ta biyo baya a 1982, gidan talbijin na ETB ya fara watsa shirye-shirye a ƙarshen wannan shekara, jaridar kullum ta fito a 1990. Littafin Bernardo Atxaga mai suna Obabakoak, wanda aka rubuta da Batua, ya ci kyautar adabi ta ƙasar Sifaniya a 1989. Binciken da gwamnatin yankin ke yi duk shekara biyar ya ƙirga masu jin harshen, daga 'yan shekara 16 zuwa sama, kimanin 530,000 a 1991, kimanin 750,000 a 2016, wajen 800,000 a 2021. A yankin mai cin gashin kai, matasa 'yan 16 zuwa 24 masu jin harshen sun tashi daga kusan kashi 25 cikin ɗari zuwa sama da kashi 70. Ba daidaitawa kaɗai ta yi wannan ba, kuma bai kamata a yi mata kirarin da ba nata ba. A gefen Faransa Batua ɗin ce dai, amma harshen ba shi da matsayin hukuma, kuma kason masu jin sa ya yi ta raguwa har ya sauko wajen kashi 20. Ko a faɗin ƙasar Bask, masu auna harshen da ake ji a titi suna samun Baskanci a kimanin hira ɗaya cikin takwas. Iyakar abin da za a ce shi ne kuɗin gwamnati da doka sun sami abin da za su ɗora a kai, abin da harshen garbizale ba zai taɓa ba su ba.

Suka ta farko da mai tsarkakewa zai kawo ita ce ƙasar Ayislan. Mutanenta wajen 400,000 ne kawai, sun fi kowa a Turai ƙin aro, suna kiran kwamfuta tölva, wayar tarho sími, daga wata tsohuwar kalma mai nufin zare, kuma harshensu lafiya lau. Gaskiya ne, amma harshen Ayislan ƙarami ne a lissafi kawai. A ƙasarsa shi ne harshen gwamnati da kotu da kasuwa, kusan ba shi da kare-kare, kuma sabuwar kalma takan shiga makaranta da rediyo da jarida rana ɗaya ta isa kunnen kowa. Sannan yawancin abin da suke ƙirƙira sunan sabon abu ne da bai riga ya sami suna a bakin jama'a ba, wanda ya sha bamban da tumɓuke kalmar da aka gada kaka da kakanni. Tarihin Baskanci ma ya tabbatar da wannan bambanci. Wasu ƙirƙire-ƙirƙiren Arana sun rayu: ikurrina, sunan tutar Baskawa, da aberri, ƙasar haihuwa, da idatzi, rubutawa. Waɗanda suka rayu galibi sun cike gurbi ne a fagen siyasa da makaranta, inda harshen bai taɓa shiga ba. Txadon, wadda ta je ƙwace wurin eliza a bakin tsohuwar da ke zuwa coci kowace Lahadi, ta mutu, gotzon kuwa sai a sunan yanka. Ƙirƙirar kalma wani ɓangare ne na mataki na uku na Haugen, ba wanda ke jayayya da ita. Abin jayayya shi ne a mai da asalin kalma ma'aunin halaccinta.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Za a ce idan an buɗe ƙofar aro ga harshen da babba ya kewaye, ina za a tsaya? Yau kalma, gobe jimla, jibi a wayi gari ana Sifaniyanci da 'yan ɗafe-ɗafen Baskanci. Wannan tsoro ba na banza ba ne, an ga harsunan da suka narke haka. Sai dai yawan kalmomin aro ba shi ke nuna harshe na mutuwa ba. Ingilishi ya ari fiye da rabin kalmomin ƙamusunsa daga Faransanci da Latin, Baskanci kansa ya ɗauki aron Latin shekara dubu biyu bai rushe ba. Inda ruɓewa kan fara shi ne ginin jimla, inda mutuwa kan zo kuma shi ne ranar da uwa ta daina yi wa ɗanta magana da harshen. Seber Altube, ɗan hukumar harshen, ya faɗi kusan haka tun a littafinsa na 1929: masu tsarkakewa suna farautar kalmomi alhali jimlolinsu tsarin Sifaniyanci ne sak. Abin da malaman Baskanci ke kuka da shi a yau ya gaskata shi. Harshen yana liƙa ɗafa-ƙeyar -k a jikin aikau idan aikatau so-karɓau ne, abin da Sifaniyanci ba shi da shi, kuma ita ce yaran da suka koyi harshen a aji ke yawan yarwa. Yankin Bretagne na Faransa ya nuna inda ɗaya hanyar ke kaiwa. Masu harshen Breton sun kai kimanin miliyan ɗaya a wajen 1950, suka sauko kusan 200,000 a 2018, yawancinsu tsofaffi. Ba tsarkakewa ce ta jawo haka ba, iyaye ne suka daina koya wa 'ya'yansu bayan yaƙin duniya na biyu. Amma da aka zo farfaɗowa, harshen makaranta ya fito da kalmomi tsarkaka na asalin Keltik a kan lafazi da karin sautin Faransanci, tsofaffin ƙauye kuma suna da lafazin asali da kalmomin aro, har jika da kaka suka riƙa komawa Faransanci don su fahimci juna. An tsare abin da bai fi muhimmanci ba, an yanke igiyar da ta rage.

Suka ta uku daga ɗaya gefen take zuwa, kuma ita ta fi cancantar a saurare ta. Masu ita na cewa daidaitawar ma tsarkakewa ce ta cikin gida: maimakon a kori kalmar baƙo sai a kori karin ɗan'uwa, kuma kunyar da aka ce tana kora mutum zuwa babban harshe ita ce dai zai ji idan ɗansa ya dawo daga makaranta ya ce masa dot kuskure ne. Hujjarsu mafi ƙarfi tana Suwizalan. Harshen Romansh, wanda mutum kimanin 60,000 ke amfani da shi a jihar Graubünden, ya zama harshen ƙasa a 1938, yana da kare-kare biyar, kowanne da nasa rubutun. A 1982 ƙungiyar Lia Rumantscha ta sa Heinrich Schmid, wani masani daga Zurich, ya haɗa Rumantsch Grischun. Aikin gwaninta ne, kuma babu tsarkakewa a ciki: ya jera manyan kare-kare uku, Sursilvan da Surmiran da Vallader, duk sigar da biyu suka yi tarayya a kanta ita ya ɗauka, kamar notg, "dare", da ta rinjayi not. Muddin a takardun gwamnati da allunan hanya yake, ƙorafin bai yi yawa ba. A 2003, cikin shirin tsuke bakin aljihu, majalisar jihar ta yanke cewa da shi kaɗai za a riƙa buga littattafan makaranta, daga 2007 kuma wasu garuruwa suka fara koyar da karatun farko da shi. Iyaye suka tayar da ƙayar baya, aka kafa ƙungiyar Pro Idioms a 2011, majalisa ta janye matakin a ƙarshen shekarar, garuruwa da yawa suka koma karinsu.

Wannan bai rushe hujjar daidaitawa ba, iyakarta ya nuna, kuma dalilin faɗuwar shi ne dai dalilin faɗuwar Arana. Kare-karen Romansh sun riga sun mallaki abin da Baskanci bai da shi a 1968: rubutu tsayayye tun ƙarni na 16 da na 17, da makarantun da ke koyar da shi. Yaron kwarin Engadin yana zuwa aji da Vallader a bakinsa, ana so ya koyi rubutun da ba kowa ke magana da shi ba, alhali Jamusanci na jiran sa a bakin ƙofa. Batua kuwa ta sami dubban mutane a Bilbao da Gasteiz da Iruña waɗanda ba su gaji kowane kari ba, ita ce ta zama harshensu, har aka sami sunan euskaldun berri, sabon Babaske. Duk da haka kukan mutanen Bizkaia da Zuberoa gaskiya ne, an yi shekaru malamai na jan jar biro a kan abin da ba kuskure ba ne, sai da hukumar ta fitar da sanarwa a 2004 tana bayyana gurbin kare-kare a makaranta da kafofin watsa labarai da ofisoshi. Ke nan ma'aunin ɗaya ne ga baƙuwar kalma da karin ɗan'uwa. Ƙa'idar da ta ƙara wa mai harshe wurin da zai yi amfani da shi, irin su jarida da jami'a da kotu, za ta karɓu. Wadda ta ƙwace masa abin da ya riga ya mallaka za ta gamu da turjiya, ko kuma abin da ya fi turjiya muni, wato ya yi shiru ya koma babban harshe.

Mai karatu Bahaushe zai so ya ɗora kansa a matsayin Babaske, yana tuna yadda Ingilishi da Faransanci suka danne Hausa a ofis da jami'a. A wannan muhawara ba nan ne wurinsa ba. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina kan karin Kano tun zamanin Hukumar Talifi ta Zariya da Hukumar Hausa ta 1955, ba ta taɓa korar littafi da alƙalami don Larabci ne ba, ko takobi da raƙumi don daga Azbinawa suka zo, ko mota da asibiti, kuma ba abin da ya rage ta da shi. A Yobe da Bauci da Gombe da Filato da kudancin Kaduna, Hausa ita ce ke zaune a kujerar Sifaniyanci. Bolanci da Ngizim da Bade da Karekare da Ngamo, waɗanda Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba da abokan aikinsu suka yi wa ƙamusoshi a shekarun 2000, masu su kusan duka suna jin Hausa, yara da yawa a cikin gari ma ita kaɗai suke ji. Ngizim cike yake da tsohon aron Barbarci, Bade yana da kare-karen da suka bambanta sosai tsakanin Gashuwa da yamma. Duk tambayoyin Arantzazu suna nan suna jiran su.

Malaman sassan harsunan Nijeriya da ɗalibansu, waɗanda su ake kira idan al'umma ta kafa kwamitin rubuta harshenta, za su tarar da matsin lamba a kan a fara da fitar da kalmomin Hausa, domin shi ne aikin da ya fi saurin faranta ran masu kishi. Su ƙi. Su fara da naɗar maganar tsofaffi da ta matan gida, su tsayar da haruffa, su zaɓi sigogin da wani ke faɗi a zahiri, su bar kowane kari ya ga hannunsa a ciki, kalmar aro da ta riga ta zauna kuma a rubuta ta yadda masu harshen ke furta ta.